Kada lambar rajista ta zama mai tsegumi

A watan Mayun 2019 ɗan jaridar nan na Amurka mai bin sawun masu kutse, Brian Krebs, ya tona wani asiri na kamfanin First American Financial, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin inshorar takardun mallakar gidaje a ƙasar. Duk wanda cinikin gidansa ya bi ta hannunsu, akan aika masa adireshin intanet inda zai buɗe takardunsa. A wutsiyar adireshin akwai lamba mai alƙaluma tara. In ka ƙara mata ɗaya, ko ka rage ɗaya, sai takardar wani bawan Allah ta buɗe a gabanka: bayanan asusun banki, takardun haraji, hoton lasisin tuƙi. Shafin ba ya neman kalmar sirri, ba ya tambayar ko kai wane ne. Takardu wajen miliyan 885 ne ke zaune a haka, wasu tun na 2003. Duk wanda ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma ya iya wannan kutsen.

Mutane na ɗaukar maganar yadda ake ba rajista lamba a matsayin hirar masu rubuta manhaja, wadda ba ruwan kowa da ita sai su. Ni ban yarda ba. Asibiti, makaranta, banki, hukumar jarrabawa, ofishin fansho, kowannensu na da rumbun bayanai, kuma kowane layi a cikin rumbun sai an ba shi lambar da ba wanda ke tarayya da shi a cikinta. Yadda za a riƙa fitar da lambar shawara ce da galibi wani matashin injiniya ke yankewa cikin minti biyar a makon farko na aiki, ba a kai ta gaban kwamiti, ba a rubuta ta a takardar kwangila. Amma ita ce ke daɗewa. Kamfanin da ya yi aikin zai watse, shugaban da ya sa hannu zai yi ritaya, a sauya manhajar sau uku, lambar na nan manne da sunan mutum. Wanda kuma zai sha wahalarta in ta ɓaci, mai riƙe da katin ne.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: lambar da za ta fita waje, a buga ta a kati ko rasit ko adireshin shafi, bai kamata ta faɗi komai game da mai ita ko game da hukumar ba. Wadda za ta zauna cikin na'ura, ta bi lokaci in ana so. Kuma ko wacce ce, saninta kaɗai kada ya buɗe wa kowa komai.

Hanya mafi tsufa ita ce jeri: 1, 2, 3, kowane sabon shiga ya ɗauki lambar da ke bin ta wanda ya riga shi. Ba na raina ta. Gajera ce, ba ta cin wuri, na'ura na saurin nemo ta, kuma muddin kwamfuta ɗaya ce ke rabawa, mutum biyu ba za su taɓa haɗa lamba ba. Aibinta shi ne bakinta ba ya rufuwa. Wanda ya ga lamba biyu ko uku ya san yawan abin da kake da shi da saurin da kake ƙaruwa. A Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya da Amurka sun so sanin tankokin yaƙi nawa Jamus ke ƙerawa a wata. 'Yan leƙen asiri suka ce a watan Agustan 1942 an ƙera 1,550. Masana lissafi suka tattara lambobin jerin da ke jikin tankokin da aka kama ko aka lalata, suka ce a'a, 327 ne. Da aka gama yaƙi aka buɗe takardun Jamusawa, sai aka tarar da 342. Tsabar son tsari ya sa Jamusawa suka buga sirrinsu a jikin ƙarfe da hannunsu.

Haka abin yake a kasuwa. Sayi kaya a wani shagon intanet yau, ka sake saye bayan mako guda, ka debe lambar rasit ta farko daga ta biyu, ka san cinikinsu na mako ba tare da ka leƙa littafinsu ba. A Janairun 2021 kuma, bayan harin da aka kai majalisar dokokin Amurka, aka ga ɗayar illar. Dandalin sada zumunta na Parler yana ba kowane rubutu da bidiyo lambar jeri, don haka kafin Amazon, mai ba shi hayar na'urori, ta kashe su, masu bincike sun bi lambobin ɗaya bayan ɗaya sun kwashe kusan komai, har da bidiyoyin da ke ɗauke da bayanin inda aka ɗauke su.

Akwai matsala ta uku da ta fi shafar ƙasashe irin namu. Jeri na buƙatar mai rabawa guda. Ma'aikatan rigakafi ko masu rajistar manoma da ke shiga ƙauyuka da wayoyi, inda babu sabis, kowace waya za ta fara daga 1. Ranar da aka dawo gari aka haɗa bayanai, sai a tarar da mutum arba'in kowannensu lamba 17.

Daga nan ne tunanin agogo ke shigowa, kuma a nan nake son in daɗe, don shi ne kuskuren da ya fi kama da dabara. Kwamfutoci na ƙirga lokaci da yawan sakan ɗin da suka wuce tun farkon 1 ga Janairun 1970. Lamba 1700000000, alal misali, daren 14 ga Nuwamban 2023 ce. Sai mai rubuta manhaja ya ce: lokaci ba ya maimaita kansa, to me zai hana in ɗauki abin da agogo ya nuna in mai da shi lambar rajista? Ba sai an tambayi wata na'ura ba, lambar na da tsawo, ga ta kamar ta ƙwararru. Ya gwada a ofis shi kaɗai, ya shigar da suna goma, komai lafiya lau.

Ganin kitse ake wa rogo. Ranar da za a rufe rajista, lokacin da rabin masu nema ke tunawa da shafin, mutum ɗari na iya danna maɓalli a cikin sakan guda. In an ce a koma milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, an rage haɗarin ne kawai. Kwamfutar yau na iya rubuta layi da yawa a cikin milisakan ɗaya, kuma agogon wasu na'urorin ba ya tafiya sumul, tsalle yake yi duk bayan milisakan 15 ko 16, duk abin da ya faru a tsakani lokaci ɗaya za a rubuta masa. In na'urorin da ke karɓar rajistar sun kai biyu, kowacce da nata agogon, ba abin da zai hana su nuna abu ɗaya a tare. Harshen rubuta manhaja na PHP, wanda aka gina shafuka masu ɗimbin yawa da shi, yana da wani umarni mai suna uniqid da ke fitar da lamba daga agogo, kuma littafin jagorar harshen da kansa ya yi gargaɗin cewa ba shi da tabbacin lambar ba za ta maimaitu ba. Ana ta amfani da shi duk da haka.

Sannan zancen cewa lokaci ba ya komawa baya gaskiya ne a rayuwa, a cikin kwamfuta kuwa ƙarya ne. Agogon na'ura na yin gaba ko baya kaɗan-kaɗan, shi ya sa take tambayar wasu na'urori a intanet tana saitawa, kuma saitin na iya mayar da ita baya. Akwai sakan ɗin da masu kula da lokacin duniya ke ƙarawa jefi-jefi don agogo ya dace da juyawar ƙasa, an yi haka sau 27 tun 1972. Na ƙarshe, a daren shiga 2017, ya tarar da kamfanin Cloudflare, mai yi wa shafukan intanet hidima, da manhajar da aka rubuta bisa zaton cewa lokaci gaba kawai yake yi. Lissafi ya ba da adadi ƙasa da sifili, wani ɓangare na aikinsu ya tsaya. Kamfani ne cike da ƙwararru, ina ga ɗan kwangilar da ya haɗa shafin ƙaramar hukuma cikin mako uku. A Turai da Amurka, inda ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, awa guda na zuwa sau biyu a dare ɗaya ga duk wanda ya dogara da agogon gari. Najeriya da Nijar ba sa wannan sauyin, amma muna da namu: waya ko kwamfutar da batirinta ya mutu ta farka tana cewa shekarar 1970 ake ciki ko 2000, da ma'aikacin da ya saita kwanan wata da hannu ya yi kuskure.

Me ke faruwa in lambobi biyu suka yi karo? In an yi sa'a, rumbun ya ƙi karɓar na biyu, mutum ya ga saƙon kuskure bayan an riga an cire masa kuɗi. In ba a yi sa'a ba, na biyun ya hau kan na farko ya goge shi, ba wanda ya sani sai ranar da mai shi ya zo da rasit a hannu aka ce ba a ga sunansa ba. A irin wannan rana ba a tuhumar agogo. Mai rasit ake kallo da zargi.

Ko da ba a yi karo ba, lambar agogo mai sauƙin canka ce. Sakan 86,400 ne a yini. In na san ka yi rajista ranar Talata da rana, 'yan dubban gwaji ne tsakanina da lambarka, aikin da manhaja ke gamawa kafin shayi ya huce. Mafi muni shi ne inda ake amfani da irin wannan lamba wajen aika wa mutum adireshin sauya kalmar sirri. Ɓarawo ya nemi a sauya ta wani, ya duba agogonsa, ya gwada lambobin da ke kewaye da wannan lokacin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa bango ne da aka gina da tsagarsa.

To sai ƙuri'a, wato a bar na'ura ta zaro lamba barkatai, babu tsari, babu alaƙa da wadda ta gabata. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne UUID, mai tsawon bit 128 (bit shi ne alƙalamin kwamfuta guda, 0 ko 1), wanda ake rubutawa da haruffa da alƙaluma 32. A nau'insa na huɗu, bit 122 daga ciki ƙuri'a ce zalla. Yawan lambobin da ke cikin wannan fili ya wuce hankali: in za ka riƙa zaro biliyan ɗaya kowane sakan, sai ka yi shekara kusan 86 kafin yiwuwar samun biyu iri ɗaya ta kai rabi. Shi ya sa manhajojin tattara bayanai a karkara irin su ODK da KoboToolbox ke ba kowane fom UUID tun a cikin waya. Waya dubu na iya yin wata guda a daji ba su ga juna ba, a dawo a haɗa, ba a sami karo ba.

Amma ƙuri'a ma tana da sharuɗɗa, kuma masu sonta kan manta da su. Na farko tsawo. Hankalin ɗan Adam na yaudarar sa a nan. A cikin mutum 23 kacal, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta haura rabi. Lissafin ɗaya ne da na lambobi: in ƙuri'arka alƙaluma shida ce, wato fili miliyan ɗaya, kafin ka yi wa mutum 1,200 rajista yiwuwar karo ta kai rabi. Alƙaluma takwas, wajen mutum 12,000. Makarantar sakandare babba ɗaya ta isa ta karya ta farko, jami'a ɗaya ta karya ta biyu. Gajerar ƙuri'a sai da mai gadi a tsakiya da zai duba ko an taɓa bayar da lambar kafin ya sake ta.

Na biyu, ƙuri'ar ta zama ta gaske. Daga 2006 zuwa 2008 wani gyara da aka yi a Debian, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ke tafiyar da kwamfuta, ya sa manhajar da ke fitar da mabuɗan sirri ta koma zaɓa daga cikin kusan 32,000 kawai ga kowane nau'i, alhali kowa na zaton fili ne marar iyaka. Shekara biyu ana haka ba a lura ba, don a ido lambobin barkatai suke.

Na uku nauyi ne, kuma shi ne hujjar injiniyoyin da ke ƙin UUID. Rumbun bayanai na ajiye lambobi a jere cikin shafuka don saurin nema. In sababbin lambobi na zuwa bi da bi, kullum a shafin ƙarshe ake rubutu, shafin da ke hannu. In barkatai suke zuwa, kowacce na faɗawa wani shafi dabam, sai an ɗauko shi daga faifai, in ya cika a raba shi biyu. A rumbu mai layi dubu goma ba za ka ji komai ba. A mai layi miliyan ɗari biyar za ka ji a jikin na'ura da kuma a takardar kuɗin hayarta. Hujja ce ta gaskiya, ko da yake na lura waɗanda suka fi ɗaga ta galibi rumbunsu bai kai girman da za ta shafe su ba.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gano cewa ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. A 2010 Twitter ta fito da tsarin da ta kira Snowflake: bit 41 na lokaci, 10 na lambar na'urar da ta fitar, 12 na jeri a cikin milisakan ɗin. Kowace na'ura na iya fitar da 4,096 a milisakan ba ta tambayi kowa ba, ba ta kuma yi karo da kowa ba. Dandalin hira na Discord ya ɗauki tsarin, Instagram ta yi nata mai kama da shi. A watan Mayun 2024 aka sabunta ƙa'idar UUID, aka shigo da nau'i na bakwai, wanda farkonsa lokaci ne sauransa ƙuri'a. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta banki a Najeriya ya ga ɗan'uwan wannan tsari: doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit, wadda banki ke tambaya in kuɗi ya maƙale. Duba ta da kyau, bayan alƙaluma shida na farko da ke nuna bankin da ya tura, za ka ga shekara da wata da rana da awa, sannan sauran alƙaluman da ke bambanta ta da 'yan'uwanta. Agogo a nan sashe ne kawai na lambar, ba a ɗora masa dukan nauyin ba.

Ga lambar ciniki, hakan daidai ne. Ranar da ka tura kuɗi tana rubuce a rasit ɗin ma. Sai dai a sani cewa lambar da ta fara da lokaci tana faɗin lokacin ga duk wanda ya gan ta. Daga lambar kowane saƙon Twitter na bayan zuwan Snowflake ana iya fitar da lokacin da aka wallafa shi har zuwa milisakan, daga lambar mai amfani da Discord ana sanin ranar da ya buɗe asusu. A dandalin hira wannan ba komai ba ne. A katin asibitin masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ko a rajistar masu kai ƙorafi kan shugabanninsu a wurin aiki, ranar da aka buɗe fayil na iya isa a gane mutum.

Wannan ya kai ni ga lambobin da gwamnatoci ke liƙa wa 'yan ƙasa, inda jarabar cusa ma'ana cikin lamba ta fi ƙarfi. Jami'i na son ya kalli lamba ya san komai. Lambar shaidar Afirka ta Kudu mai alƙaluma 13 tana farawa da ranar haihuwa, alƙaluma huɗu na gaba su nuna mace ce ko namiji, na gaba ya nuna ɗan ƙasa ne ko mazauni. Na goma sha biyu kuwa, a zamanin mulkin wariya, launin fata yake nunawa. Ba a buƙatar ganin fuskarka, lambarka ta riga ta faɗa. A Amurka, lambar inshorar jama'a da aka fara bayarwa a 1936, har zuwa 2011 tana da alƙaluma uku na farko da ke nuna yankin da aka bayar, sauran kuma na bin tsari sananne. A 2009 masu bincike biyu na jami'ar Carnegie Mellon, Alessandro Acquisti da Ralph Gross, suka nuna cewa daga jiha da ranar haihuwa kaɗai suna iya canko alƙaluma biyar na farko a gwaji ɗaya ga kashi 44 cikin ɗari na waɗanda aka haifa bayan 1988 a cikin bayanan da suka gwada. Ranar haihuwa kuwa abu ne da mutane ke bazawa a Facebook da kansu.

Misalin Suwidin ya fi ba ni sha'awa, don ya fi kusa da halinmu. Lambarsu ma da ranar haihuwa take farawa, kuma kowace rana na da iyakar lambobin da za ta iya ɗauka. Da baƙi suka yi ta shigowa daga ƙasashen da ba a rubuta ranar haihuwa, takardunsu ɗauke da 1 ga Janairu ko 1 ga Yuli, sai lambobin waɗannan ranaku suka ƙare a wasu shekarun, dole hukuma ta koma ba mutane lambar wata rana ta kusa. Yanzu a tuna yawan iyaye da kakanni a ƙasar Hausa da aka rubuta wa 1 ga Janairu don an san shekarar ko an kintata, ba a san ranar ba. A tuna kuma yawan masu zuwa gyaran ranar haihuwa bayan an yi rajista. Da NIN ɗinmu na ɗauke da ranar haihuwa, kowane gyara sai ya zama sauya lamba, tare da duk abin da aka ɗaure da ita, daga layin waya zuwa asusun banki. Hukumar NIMC mai bayar da ita ta ce alƙaluma 11 na NIN ƙuri'a ce, ba sa nufin komai, kamar yadda Indiya ta yi da alƙaluma 12 na lambar shaidarta mai suna Aadhaar. Ana yawan sukar hukumar kan dogon layi da jinkiri, amma a wannan gaɓa ta yi daidai, kuma a ƙasar da jiha da ƙabila ke iya buɗe wa mutum ƙofa ko rufe ta, lambar da ba ta faɗin asalin kowa abu ne mai daraja.

Akwai mai cewa: ai duk wannan kame-kame ne, laifin First American ba na jeri ba ne, laifin rashin tambayar mai buɗewa ne, da sun binciki ko wane ne da ba abin da ya faru. Gaskiya ya faɗa. Ita kanta ƙa'idar UUID ta gargaɗi masu amfani da ita kada su ɗauka lambar na da wuyar canka, kada kuma su mai da ita izinin shiga. Lambar da aka rubuta a ƙofar gida don a gane shi take, kwaɗo ne ke hana ɓarawo. Hukumar WAEC misali ce: lambar ɗalibi alƙaluma goma ce, bakwai na cibiyar jarrabawa, uku na kujerarsa, kowa ya san ta maƙwabcinsa a aji. Amma ba a ganin sakamako da ita kaɗai sai da lambar katin dubawa. Abin da zan ƙara kawai shi ne ana mantawa da kwaɗo. Ana sabunta manhaja a bar wata ƙofa a buɗe, kuma a ranar ne bambancin ke fitowa: da lambar ƙuri'a mai tsawo ɓarawo zai sami takardun da ya riga ya san lambarsu, da lambar jeri zai sami miliyan 885.

Kuma hujjar mai sukar ta fi cizo a kan NIN. Alƙaluma 11 na nufin fili biliyan 100. Waɗanda aka yi wa rajista sun haura miliyan 100. Ke nan wanda ke zaro lambobi da ka zai dace da ta wani mutum na gaske aƙalla sau ɗaya cikin kowane gwaji dubu. Ba ma sai ya wahala ba, tunda lambar na hannun mai sayar da layin waya, da mai shagon hoto da ya yi mata kwafi, da makaranta, da duk wanda ya taɓa cewa a kawo. Lambar da aka ba mutum ɗari ba sirri ba ce, kuma duk tsarin da ke ɗaukar saninta a matsayin hujjar cewa kai ne mai ita, tsari ne da ya ruɗi kansa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano shafukan da ke sayar da bayanan da ke bayan NIN a kan naira 100, NIMC kuma ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta ina bayanan suka fita, abin da mai saye ke buƙata shi ne lamba kawai. Hukumar ta fito da maganin wannan, wato lambar wucin gadi mai haruffa da alƙaluma 16 da mutum ke fitarwa don kamfani guda, ta mutu bayan awa 72. Dabara ce mai kyau. Amma muddin ana karɓar ainihin NIN a kan takarda a kowane kanti, amfaninta kaɗan ne.

Abu na ƙarshe da masu UUID kan manta shi ne mutum ne zai karanta lambar, wani lokaci ta waya, a kasuwa, ga wanda idonsa ya raunana. Ba wanda zai karanto haruffa 32 ba kuskure. Lambar da za ta shiga hannun jama'a gara ta zama matsakaiciya, da mai gadi a tsakiya, a kuma ƙara mata alƙalamin tantancewa a ƙarshe. Lambar asusun banki ta NUBAN haka take: alƙaluma goma, na ƙarshe lissafi ne daga sauran da lambar bankin, don a kama yawancin kuskuren yatsa kafin kuɗi ya tafi. Aadhaar ma na da irinsa. Layi kaɗan ne na manhaja, amma yana hana a rubuta allurar wani yaro a katin wani.

Don haka nake ganin duk hukumar da za ta ba da kwangilar gina rumbun bayanan jama'a ta rubuta a takarda cewa lamba biyu take so: ta ciki mai bin lokaci don na'ura, ta waje ta ƙuri'a don mutane. Ta kuma sa wani, ba ɗan kwangilar ba, ya zauna ya sauya alƙalami ɗaya a adireshin shafi ya ga abin da zai buɗe, kafin a biya kuɗin ƙarshe. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, kuma ban ga matakin da ya fi wannan araha ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar lamba ta shiga kati miliyan goma da rumbunan wasu hukumomi ashirin, sauya ta ya fi gina sabon tsari tsada. Amurka ta koma ƙuri'a a ranar 25 ga Yunin 2011, Koriya ta Kudu ta cire alamar yanki daga lambarta a Oktoban 2020, dukansu ga sababbin lambobi kawai. Ba'amurken da aka haifa a 1995 har yau da tsohuwar lambarsa yake yawo, wadda farkonta ke faɗin jihar da aka ba shi ita.